Sauraron waƙa ta intanet ko tara taka a memori: wanne ya dace da kai a Damagaram?

Wanda ya sayi sabuwar waya a Damagaram yanzu, musamman Tecno, Infinix ko itel, sau da yawa yakan tarar da Boomplay zaune a ciki tun daga kwali. A fada abokai su ce masa ya sauke Audiomack, wani ɗalibin jami'ar André Salifou ya ce ai Spotify ta fi su duka. Can kuma bakin Kasuwar Dole ga masu turi da kwamfuta da lasifika, ka miƙa katin memori, kafin a sauke shayin farko an cika maka shi. Sai mutum ya rasa inda zai sa kuɗinsa: ya riƙa sayen forfe, wato megar intanet da ake saye a layin waya, yana saurare ta intanet, ko ya tara waƙoƙin su zama nasa?

Zan faɗi inda na karkata tun yanzu. Sauraro ta intanet haya ce. Tana da daɗi wajen neman sabon abu, amma ran da ka daina biya, ko mai gida ya canza shawara, ka fita hannu wofi. Duk waƙar da ranka ba zai jure rasa ta ba, ka riƙe ta a hannunka. Sai dai riƙewar ma iri biyu ce, kuma ɗaya tana ɗauke da nauyin haƙƙin wani.

In aka duba da kyau hanyoyin huɗu ne: sauraro ta intanet kyauta, sauraro ta intanet da biyan kuɗin wata, cika memori wajen mai turi, da sayen waƙar daga hannun mai ita ko wakilinsa.

Abin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi. A ƙasar nan kuɗin waƙa bai tsaya ga abin da manhaja ta rubuta ba, akwai kuɗin mega a ƙarƙashinsa, kuma ga yawancinmu shi ne babba. Na biyu ɗorewa: bayan shekara 5, abin da ka kashe wa kuɗi yana nan? Na uku sauƙi, wato me ake buƙata kafin sauti ya fito: rezo, caji, babbar waya, katin banki. Na huɗu, waƙar da kake so tana ciki kuwa? Na biyar haɗari. Na shida, wanda aka fi tsallakewa, ko wani abu yana isa ga wanda ya yi waƙar.

Lissafin mega tukuna

Sai an yi wannan lissafin sannan sauran magana za ta zauna. Sauti yana da nauyi, kuma ana auna shi da kilobit a daƙiƙa. Spotify, alal misali, daga cikin matakanta akwai huɗu da aka sani: 24, 96, 160 da 320. In ka juya su zuwa abin da ke fita daga forfenka, awa ɗaya a mataki na 24 tana cin kusan mega 11, a 96 mega 43, a 160 mega 72, a 320 kuwa mega 144.

To ɗauki mutumin da ke saurare awa 2 kullum. A mataki na 96 zai ci kusan giga 2.6 a wata, a 160 giga 4.3, a 320 giga 8.6. Tela ko mai shago da waƙa ke tashi wurinsa awa 8 a wuni, ko da a mataki na 96 ya tsaya, ya haura giga 10 a wata. Ka buɗe jerin forfen layinka, Airtel ne, Moov, Zamani ko Niger Telecom, ka ga nawa giga ɗaya ta kama, ka ninka. Wannan shi ne kuɗin waƙarka na gaskiya, ko da manhajar ta ce kyauta ce.

Abin da ya fi ciwo a lissafin nan shi ne maimaici. Mu mutane ne masu son waƙa ɗaya mu yi ta juya ta har ta shiga jiki. Manhajojin sukan ajiye kaɗan daga abin da ka saurara kwanan nan don rage cin mega, amma ajiya ce da take gogewa da kanta. Wanda ke sauraron waƙoƙi 40 ɗin nan dai kullum ta intanet, yana iya biyan kuɗin ɗauko su sau da yawa a shekara.

Sauraro kyauta ta intanet

A nan akwai Audiomack, da aka kafa a Amurka a 2012, da Boomplay, da ta fara a Najeriya a 2015 kuma take da alaƙa da kamfanin Transsion mai ƙera Tecno da itel, abin da ya sa kake tarar da ita a wayoyinsu. Akwai Spotify ta kyauta. An fara Spotify a Suwidin a 2008, amma sai Fabrairun 2021 ta buɗe wa Nijar ƙofa tare da ƙasashe fiye da 80. Sai YouTube, wadda tsakani da Allah ita ce babbar rumbun waƙar Hausa a intanet.

Ba ka biyan su ko dala. Abin da kake bayarwa shi ne mega da haƙurin sauraron talla, tallar da ba kai ka zaɓa ba, kuma ita ma da megarka take zuwa. YouTube ta fi kowa ci, domin hoto take turo maka tare da sauti ko ba ka kallo, kuma a ta kyauta da ka kashe fuskar waya sauti ya tsaya. Dole fuska ta kasance a kunne, caji na zuba.

Audiomack ta samu karɓuwa ne saboda tana barin ka sauke waƙoƙi da yawa kyauta ka saurara ba rezo. Spotify ta kyauta ba ta ba da wannan ga waƙa. Amma ga inda mutane da yawa ke ruɗewa, kuma ina so a lura sosai: waƙar da ka sauke a cikin manhaja galibi a kulle take cikin manhajar. Ba za ka tura wa ƙanenka ta Xender ko Bluetooth ba. Ba za ka cire memori ka sa a rediyon tsohuwa ta ji ba. In wayar ta cika ka goge manhajar, ko mai gyara ya wanke wayar, sai ka sake saukewa da sabuwar mega, in har waƙar tana nan. Mutum yana ganin alamar an sauke sai ya ɗauka ya mallaka, alhali aro aka ba shi.

Wajen neman sabon abu kuwa babu kamar wannan hanya. Mawaƙin Kano ya saki waƙa da safe, kafin azahar ka ji ta a Birni.

Biyan kuɗin wata

Spotify Premium, Apple Music wadda ba ta da sashen kyauta sam, Deezer ta Faransa da ta fara a 2007, da sashen biya na Boomplay da Audiomack. Manya daga cikinsu suna da waƙoƙi fiye da miliyan 100. Babu talla, sauti ya fi tsabta, kuma abin da ya fi mana amfani a nan shi ne saukewa. A Spotify mai biya yana iya sauke waƙa har 10,000 a kowace na'ura, a na'urori har 5. Wanda ke samun wifi a ofis ko a makaranta zai iya cika wayarsa a can, ya yi ta saurare ba tare da taɓa forfensa ba. Ga irin wannan mutum lissafin mega na sama ya faɗi, kuma hanyar ta zama mai kyau ƙwarai.

Sharaɗin shi ne wayar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, don kamfani ya tabbatar har yanzu kana biya. In ba haka ba abin da ka sauke ya rufe. Watan da aljihu ya yi sanyi ka kasa biya, haka nan. Ko ka shekara 6 kana biya ba fashi, ba ka tara komai ba sai jerin sunayen waƙoƙi.

Biyan ma da wuyarsa. Manyan kamfanonin waje sun fi son katin banki irin Visa ko Mastercard, mu kuwa hada-hadarmu ta Nita ce, Amana, Airtel Money da tsabar kuɗi. Wanda ba shi da kati yakan koma ga wani ya biya masa, ko ya sayi gurbi a asusun wani da bai sani ba a WhatsApp. Wannan na biyun ina hana shi da babbar murya. Mai asusun yana iya canza kalmar sirri gobe, kuɗinka ya tafi, ba inda za ka kai ƙara. Kafin ka sa rai da kowace manhaja, shiga wurin biya ka ga hanyar da ta nuna maka a Nijar.

Farashi kuma ba a hannunka yake ba. Ana yi wa ƙasashen Afirka rangwame a kan na Turai da Amurka, amma ana ƙarawa. A Amurka Spotify ta daɗe a dalar Amurka 9.99, a 2023 ta koma 10.99, a 2024 ta koma 11.99.

Ɗorewa ita ce raunin wannan hanya da ta kyauta duka. Microsoft ta rufe hidimar waƙarta ta Groove a ƙarshen 2017. Google, duk girmanta, ta rufe Google Play Music a 2020. A Disamban 2024 kamfanin Sony Music ya janye waƙoƙinsa daga Boomplay, masu sauraro suka wayi gari wasu waƙoƙin da suka saba ji babu. Mu kuma muna da namu na gida: bayan zaɓen Fabrairun 2021 an rufe intanet ta waya a Nijar kimanin kwana 10. A irin wannan hali wanda ya riga ya sauke ya tsira, wanda ke dogara ga sauraro kai-tsaye ya zauna shiru.

Sai tambayar da ta fi damuna: me ke cikin miliyan 100 ɗin? Waƙoƙin Kano na zamani suna nan, na Legas, na Mali, na Indiya, na Larabawa, duk suna nan. Wanda ya yi sa'a wani kamfanin waje ya fitar masa da faifai, kamar marigayi Malam Mamman Barka ɗan Tesker da kiɗan biram ɗinsa, za ka same shi. Amma nemi kiɗan fadar Damagaram irin na Ma'azu Ɗan Alalo, nemi zabiyoyin biki, makaɗan kokawa, makaɗan noma na wajen Mirya da Magarya, masu bege na unguwa. Abin da za ka samu kaɗan ne, mafi yawansa a YouTube, wani bawan Allah ne ya ɗauko daga tsohon kaset ya ɗora, kuma ran da aka rufe shafinsa shi ke nan. Dalili a fili yake. Kafin waƙa ta hau waɗannan manhajoji sai an bi ta hannun kamfanin rarrabawa, da asusun karɓar kuɗi, da wanda ya iya cike-ciken. Tsohon makaɗin da ya rasu, ko wanda ke raye a ƙauye, ba shi da mai yi masa wannan. Manhajar da ta san kowane mawaƙi na Amurka tana iya rashin sanin wanda ya yi wa kakarka kiɗa ranar aurenta.

Shin mawaƙi yana samu? Yana samu, amma kaɗan. Spotify tana raba kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ta samu ga masu haƙƙin waƙa, gwargwadon yawan sauraro, kuma kuɗin yana bi ta hannun kamfanoni kafin ya kai ga mawaƙi. Tun 2024 waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta shiga rabon. Ƙaramin mawaƙin Zinder da masoyansa ke ji ta memori, da wuya ya ga wani abin kirki daga nan.

Memori da mai turi

Wannan ita ce hanyar da ta riƙe garin, kuma ba a banza ba. Waƙar MP3 a mataki na 128 tana cin kusan mega 1 a minti, wato waƙar minti 5 mega 5. Katin giga 16 zai ɗauki kusan waƙa 3,000. Ka sayi kati sau ɗaya, ka ba mai turi ɗan abin da ya sawwaƙa sau ɗaya, an gama. Babu forfe, babu kuɗin wata, babu katin banki, babu buƙatar iya karatun boko: ka faɗi sunan mawaƙi da baki a zuba maka.

Katin kuma ba ya zaɓen na'ura. Yana aiki a ƙaramar waya mai maɓallai da ke kwana da kwanaki ba caji, a ƙaramar rediyo mai fitila da ake caja da rana, a akwatin mai shayi, a rediyon mota. Wanda ya taɓa bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ko ya wuce Gure ya nufi Difa, ya san akwai tazarar da rezo ke ɓacewa. Maganar caji ma ba ƙarama ba ce. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido ba sai Maris 2024. A watannin nan kowa ya koyi tattalin caji, kuma waya mai jawo sauti ta intanet, balle inda rezo ke da rauni, ta fi mai karantawa daga memori shan batir.

Kuma a nan ne waƙar gida take. Kwamfutar tsohon mai turi wani lokaci tana ɗauke da abin da babu shi ko'ina a intanet: kiɗan sallah a ƙofar fada, waƙar wani biki da aka ɗauka shekara 20 da suka wuce, tafsirin malamin unguwa, karatun Alƙur'ani na alaramman da ba a san shi a wajen jihar ba.

Amma haɗarinta ya fi na sauran yawa, kuma an saba da shi har an daina gani.

Akwai katin jabu. A jikinsa an rubuta giga 32, waya ma ta nuna 32, alhali cikinsa bai kai ko rabin haka ba. Yana karɓar waƙa lafiya, sai ka je kunnawa ka tarar wasu sun lalace. Hanyar gane shi ita ce ka cika shi taf tun yana sabo, ka gwada na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin ka amince masa. Katin gaske ma yana mutuwa, kuma ba ya sallama: yau yana aiki, gobe waya ta ce a wanke shi. Zafin watan Afrilu, ƙurar hunturu, yawan cirewa da sawa, duk suna rage masa kwana. Saboda haka waƙar da ke wuri ɗaya tak, a wurina ba a mallake ta ba tukuna. Sai tana wuri biyu, misali memori da kile (ƴar ma'ajiyar USB da ake soka wa kwamfuta) da ke ajiye a gida.

Akwai cutar kwamfuta da ke bin katin daga teburin mai turi, ta ɓoye manyan fayiloli ta bar maka gumaka marasa buɗewa. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni: mutum ya miƙa wayarsa ko katin da ke ɗauke da hotunan iyalinsa da saƙonninsa ga wanda bai sani ba, ya tafi cefane ya dawo. Yawancin masu turi mutanen kirki ne masu neman halal, amma ba a gwada amana da sirrin gida. Ka ware kati na waƙa kawai, shi kaɗai za ka riƙa miƙawa. Iyaye kuma su duba abin da aka zuba wa yara, domin in aka ce "cika min" ba tare da zaɓe ba, ana iya haɗawa da abin da ba a nema ba.

Sai rikicin suna. Ka buɗe kati ka ga AUD-20240312-WA0007, ga Track 14, ga waƙa ɗaya sau uku, wata da muryar mai shafin da aka sauke ta tana sanar da sunansa a tsakiyar amshi, wata sautinta ya dushe saboda an kwafa an sake kwafa. A nan manhajojin intanet sun yi wa memori nisa. Gyaransa zama ne na yamma ɗaya ko biyu: a buɗe jaka ga kowane mawaƙi, a sa wa kowace waƙa sunanta.

Babban abin shi ne haƙƙi. Kuɗin da ka ba mai turi ladan aikinsa ne da wutarsa da kwamfutarsa. Wanda ya tsara waƙar, ya biya situdiyo, ya biya mai kiɗa, ko dala ba ta kai masa ba. Muna da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, amma turi daga waya zuwa waya ba abin da za a iya ƙirgawa ba ne. Gaskiya ne turi yana kai suna nesa. Mdou Moctar, ɗan ƙasar nan mai kiɗan jita, ta memori da Bluetooth waƙarsa ta bazu a Sahara, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙin da aka tsinto daga wayoyi a 2011, daga nan duniya ta san shi. Sai dai mutum ɗaya ke nan cikin dubbai, kuma shi ma sai da aka nemo shi aka fara sayen aikinsa sannan suna ya zama abinci.

Sayen waƙar daga mai ita

Wannan ce kaɗai ta haɗa mallaka da sauke nauyi. Ta intanet akwai iTunes, da aka buɗe a 2003, wadda tun 2009 waƙoƙin da take sayarwa ba su da makulli, kowace tsakanin dalar Amurka 0.69 da 1.29. Akwai Bandcamp, da ta fara a 2008, inda mawaƙi ke sa farashinsa da kansa, kamfanin ya ɗauki kashi 15 cikin 100 na cinikin, saura na mawaƙi ko kamfaninsa bayan ɗan kuɗin hada-hada. Abin da ka saya a can fayil ne sosai, MP3 ko FLAC, ka sa a memori, ka sa a mota, in ya ɓata ka sake saukewa daga asusunka.

Tsada ce matsalarta. Yuro ɗaya sefa 656 ne, don haka faifan da aka sa wa yuro 10 ya kama jika 6 da rabi da ɗoriya, kuma sai da katin banki. Waƙar Hausa ma ba ta da yawa a waɗannan kasuwanni. Ba wanda zai tara waƙa 3,000 ta wannan hanya a nan.

Amma akwai ta gida, wadda ta fi dacewa da mu kuma ba ta buƙatar kowane kamfanin waje. Mawaƙin garin nan ba ɓoye yake ba. Ana sanin situdiyon da yake aiki, ana ganinsa a biki, yana da lamba a shafinsa. Ka tura masa abin da ka iya ta Nita ko Amana, ka ce ya turo maka waƙar daga asalinta. Za ka samu sauti mai tsabta ba tambarin kowa, shi kuma jika ɗaya da ta shiga hannunsa kai-tsaye ta fi masa sauraro ɗaruruwa a manhaja. Mun saba yi wa makaɗi liƙi a fili. Wannan ma shi ne, waya ce kawai ta shiga tsakani.

Faifan CD da kaset ba sai an daɗe a kansu ba. Na'urorin kunna su sun yi ƙaranci, CD yana karcewa, zaren kaset yana lalacewa da zafi. Darajarsu yanzu tana ga abin da ke cikinsu.

| | Intanet kyauta | Kuɗin wata | Mai turi | Saye daga mai ita |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | mega kullum | kuɗin wata da mega | kaɗan, sau ɗaya | mai yawa ga kowace waƙa, sau ɗaya |
| Ɗorewa | sai yadda kamfani ya so | muddin kana biya | muddin katin na raye | taka ce, in ka ajiye wuri biyu |
| Ba rezo | wasu manhajoji kawai | har kwana 30 a Spotify | tana aiki | tana aiki |
| Ƙaramar waya da rediyo | a'a | a'a | e | e |
| Sababbin waƙoƙi | nan take | nan take | sai ka je | sai ka nema |
| Tsofaffin na gida | kaɗan | kaɗan ƙwarai | a nan suke | in mai su na nan |
| Haɗari | talla, ɓacewar waƙa | ƙarin farashi, rufewa | jabu, cuta, sirri | kaɗan |
| Rabon mawaƙi | ɗan mitsitsi | kaɗan | babu | mafi yawa |

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi ko ma'aikacin da ke samun wifi, yana da babbar waya da katin banki, kuma kunnensa na son yawo daga Bamako zuwa Mumbai, kuɗin wata ya dace da shi. Ya sauke a wifi, ya kashe sauraro ta mega a saitin manhajar, ya tuna da sharaɗin kwana 30 kafin ya tafi hutu ƙauye.

Matashin da burinsa kada sabuwar waƙa ta wuce shi amma aljihu ba nauyi, ya riƙe manhajar kyauta mai barin saukewa, ya sa sauti a ƙaramin mataki, ya bar YouTube sai abin da babu shi wani wuri.

Ɗan kabu-kabu, direban hanyar Agadas ko Difa, tela, mai shayi, mai shago, duk wanda waƙa ke tashi wurinsa wuni guda, memori ce tasa ba tantama. Giga 10 a wata ba abin da ciniki zai ɗauka ba ne. Ya sayi kati mai kyau a shagon da zai iya komawa in ya samu matsala, ya gwada shi, ya yi masa na biyu. Haka wanda zai haɗa wa mahaifiya ko kaka karatu da wa'azi da bege a ƙaramar rediyo.

Wanda ke da mawaƙi ɗaya ko biyu da yake ji har cikin ransa, musamman ƴan garin nan, ko ta wace hanya yake saurare, ya nemi hanyar da kuɗinsa zai isa gare su. Ba sai kowace waƙa ba. Waɗanda ka fi juyawa, su za ka saya.

Wanda kuma ke da kwalin tsofaffin kaset a ɗaki, na mahaifi ko na kawu, da kiɗan fada ko na biki ko wa'azin malamin da ya riga mu gidan gaskiya, nasa aikin ya fi na kowa gaggawa, domin babu manhajar da ke ajiye masa kwafi. Ya nemi mai rediyon kaset da ke aiki da mai kwamfuta, a haɗa su da igiyar sauti ta kafar abin sauraro, a juye su zuwa MP3 a mataki na 192 ko sama, a rubuta sunan makaɗi da wurin da shekarar in ana tunawa. Kwafi ɗaya ya zauna a gidansa, ɗaya a gidan ɗan'uwa a wata unguwa, kaset ɗin kuma a mayar da shi inuwa, kada a yar.